Butan tsakanin Indiya da Sin: me ya hana ta raba ƙafa?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Na ji a wani shirin rediyo cewa akwai wata 'yar ƙasa a kan tsaunukan Himalaya, Butan, wadda ba ta da hulɗar jakadanci da Sin duk da suna da iyaka, haka ma Amurka da Rasha. Wai Indiya ce ke ba ta kuɗi, ita ke horar mata da sojoji. Shin wannan ƙasa ce mai cin gashin kanta, ko 'yar amshin shatan Indiya ce kawai? Kuma me ya hana ta yin irin na Nepal, ta karɓa nan ta karɓa can?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Abin da ka ji haka yake. Butan ba ta da hulɗar jakadanci da ko ɗaya daga cikin ƙasashe biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu, wato Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin. A Thimphu, babban birninta, ofisoshin jakadancin Indiya da Bangladesh da Kuwait ne kawai ke zaune. Tambayarka kuwa biyu ce a haɗe: wa ke riƙe da akalar harkokin wajen Butan, sannan ko akwai hanyar da ta fi wadda ta bi. Amsata a gajarce ita ce Butan da gangan ta zaɓi ɓangare guda, daga nan ta shafe shekara sittin da ɗoriya tana faɗaɗa wa kanta wurin numfashi a cikin wannan zaɓin, kaɗan-kaɗan, da shiru da jan lokaci. Dabarar ta tsare mata ƙasa. Sai dai ba kyauta take ba, kuma a 'yan shekarun nan tsadarta ƙaruwa take yi.

Taswira tukuna

Kafin a kai ga sarakuna da ministoci, a duba ƙasar kanta. Faɗin Butan murabba'in kilomita 38,394 ne, mutanenta ba su kai 800,000 ba, maƙwabtanta biyu kuwa kowace ta haura mutum biliyan 1.4. A arewa, inda take da iyakar kusan kilomita 477 da yankin Tibet na Sin, tsaunuka ne da wasunsu suka wuce mita 7,000, ƙanƙara kuma na toshe mashigansu watanni a shekara. A kudu, inda iyakarta da Indiya ta kai kilomita 699, ƙasar gangarowa take yi har ta haɗe da filayen Assam da Bengal ta Yamma. Manyan kogunanta duk kudu suka nufa, su zuba a Brahmaputra. Inda ruwa ya bi, nan hanya ta bi, nan kaya ke bi. Man fetur da iskar gas da shinkafa da magunguna da injuna, yawancinsu ta Phuentsholing suke shiga, garin da ƙofa ɗaya ta raba shi da Jaigaon na Indiya. Abin da ya fito daga ƙetaren teku sai ya sauka a tashar Kolkata, ya ratsa Indiya a mota. Kusan kashi huɗu cikin biyar na cinikin Butan da waje, da Indiya take yin sa. Kuɗinta, ngultrum, ɗaure yake da rupin Indiya ɗaya bisa ɗaya.

Wani zai ce ai dokar duniya ta ba ƙasar da ba ta da teku damar ratsa maƙwabciyarta. Ta ba ta, a sashe na 125 na yarjejeniyar dokar teku ta 1982. Amma wannan sashen ya bar sharuɗɗan ratsawar ga ƙasashen da abin ya shafa su zauna su daidaita, ya kuma ce ƙasar da ake ratsawa na da ikon kare muradunta. A aikace, jami'in kwastan da ya ce yau sai an sauke kowace mota an duba ya fi sashe na 125 ƙarfi. Lesotho ta ɗanɗana: a Janairun 1986 Afirka ta Kudu ta matse mata iyaka, kafin watan ya ƙare sojoji sun kifar da gwamnatin Leabua Jonathan.

Igiyar da aka gada

Zargin amshin shata yana da tushe a rubuce, ba hasashe ba ne. Bayan yaƙin 1864 zuwa 1865, Butan ta rasa filayen kudu da ake kira Duars ga Turawan mulkin Indiya, aka yanka mata rupi 50,000 a shekara. A yarjejeniyar Punakha ta 1910 aka ninka kuɗin, Butan kuma ta amince za ta bi shawarar Birtaniya a harkokinta na waje, da sharaɗin ba za a sa mata baki a cikin gida ba. Da Indiya ta sami 'yanci sai ta gaji wannan jumla kusan yadda take, a sashe na 2 na yarjejeniyar 8 ga Agustan 1949, ta ɗaga kuɗin zuwa rupi 500,000, ta mayar wa Butan yankin Dewangiri. Shekaru da dama ana jayayya kan ma'anar sashen. Delhi na ganin shawarar dole ce a bi ta. Thimphu na ganin shawara shawara ce, a saurara, a auna.

Abin da ya ingiza Butan kudu gaba ɗaya kuwa Tibet ce. Sojan Sin sun shiga Tibet a 1950. A 1959 aka murƙushe boren Lhasa, babban birnin Tibet, shugaban addininsu Dalai Lama ya tsere Indiya, Sin ta karɓe wasu 'yan ƙauyuka da Butan ta daɗe tana mulka a yammacin Tibet, wajen dutsen Kailash. Butan ta rufe iyakarta ta arewa, cinikin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana yi ta kwarin Chumbi ya mutu. Ka tuna addinin Butan da rubutunta duk daga Tibet suka samo asali, don haka abin da ya faru can ba labarin nesa ba ne a wurinsu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Shekara guda kafin nan, a Satumban 1958, firaministan Indiya Jawaharlal Nehru ya je garin Paro na Butan a kan dabba, don babu hanyar mota ko ɗaya da ta shiga ƙasar. A 1961 aka fara shirin raya ƙasa na shekara biyar na farko da kuɗin Indiya, injiniyoyin sojan Indiya na aikin DANTAK suka kama fasa hanyoyi, tawagar horar da sojoji ta IMTRAT ta sauka a kwarin Haa, inda take har yau. Yaƙin Sin da Indiya na 1962 ya ƙara ɗaure igiyar.

Sai gobara ta biyu ta tashi, wannan karon daga wajen abokiyar. Sikkim, masarautar tsauni da ke maƙwabtaka da Butan ta yamma, tana ƙarƙashin kariyar Indiya tun 1950. Rikicin cikin gida ya taso tsakanin fada da mafi rinjayen jama'a masu magana da harshen Nepal, aka yi ƙuri'ar raba gardama a Afrilun 1975, a watan Mayu Sikkim ta zama jiha ta 22 ta Indiya. Butan ta karanta darasi biyu a nan. Na ɗaya, dole duniya ta san da zamanka a matsayin ƙasa kafin ranar tsiya. Na biyu ya fi muni: ta fara kallon masu harshen Nepal na kudancinta a matsayin ƙofar da za a iya shigo mata. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1985 da ƙidayar 1988 suka biyo baya, a farkon shekarun 1990 mutum kusan 100,000 suka tsinci kansu a sansanonin gudun hijira a gabashin Nepal, yawancinsu daga baya aka kwashe su zuwa Amurka da wasu ƙasashe. Indiya, wadda ta cikin ƙasarta suka ratsa, ta ce magana ce tsakanin Butan da Nepal. Duk mai yabon hikimar Thimphu ya ajiye wannan a gefen yabon, don shi ma wani amfani ne da ta ci daga kusancinta da Delhi, kuma ba abin alfahari ba ne.

Yadda aka sassauta igiyar

A nan ne amsar tambayarka ta farko take, kuma jerin matakan ya fi kowane mataki shi kaɗai muhimmanci. Butan ta fara da ƙungiyoyin da ba wanda zai ɗaga gira a kansu: shirin Colombo na taimakon raya ƙasashen Asiya a 1962, ƙungiyar gidajen waya ta duniya a 1969. Abin kamar wasa, amma kan sarki na gidan waya mai ɗauke da sunan ƙasarka shaida ce da ke yawo a duniya. Sai Majalisar Ɗinkin Duniya a Satumban 1971, kuma Indiya ce ta tsaya mata, wanda ya sa zai yi wa Delhi wuya ta dawo ta musanta abin da ita da kanta ta gabatar. A 1979, a taron 'yan ba-ruwanmu na Havana, Butan ta saɓa wa Indiya kan wanda zai zauna a kujerar Kambodiya, magana mai nisa da ba ta taɓa tsaron kowa ba, amma ta nuna cewa sashe na 2 ba takunkumi ba ne. A tsakiyar shekarun 1980 ta ƙulla hulɗa da ƙasashe masu kuɗi da ba su da buri a yankin, irin su Suwizalan, Denmak, Suwidin, Holan da Japan. A 1984 ta karɓi maganar iyakarta da Sin a hannunta, ta fara zama da Beijing kai tsaye.

Sai babban mataki. 'Yan tawayen Assam da Bengal, ƙungiyoyin ULFA da NDFB da KLO, sun kafa sansanoni a dazuzzukan kudancin Butan suna kai hari Indiya. Thimphu ta shafe shekaru tana lallashinsu su fita. Ba ta bar sojan Indiya sun shigo sun yi aikin ba, domin baƙon soja shigarsa ta fi fitarsa sauƙi. A Disamban 2003 sojan Butan da kansu suka fatattake su, Sarki Jigme Singye Wangchuck na tare da su a fagen. Bayan an biya wannan bashin ne aka nemi gyaran yarjejeniya, kuma a Fabrairun 2007 aka goge maganar bin shawara. Abin da ya maye gurbinta shi ne ƙasashen biyu za su haɗa kai kan muradunsu, kuma ba wadda za ta bari a yi amfani da ƙasarta wajen cutar da tsaron ɗayar. Ka lura da wannan jumlar ta ƙarshe, za mu dawo gare ta.

Ƙin ƙulla hulɗa da manyan biyar ɗin ma daga nan ya fito. In ka buɗe wa Amurka ofishi, da wace hujja za ka hana Sin? In ka hana su duka, ba wanda zai ce an ware shi. Kuma Butan na iya ce wa Indiya a'a idan abin na cikin gida ne: yarjejeniyar zirga-zirgar motoci ta 2015 tsakanin Bangladesh da Butan da Indiya da Nepal, wadda Delhi ta so ƙwarai, majalisar dattawan Butan ta ƙi amincewa da ita a 2016 saboda tsoron cunkoson manyan motoci da lalata muhalli. 'Yar amshin shata ba ta yin haka.

Iyakar arewa, inda gizo ke saƙa

Rashin jakada tsakanin Butan da Sin rataye yake da iyaka, iyakar kuma rataye take da wani ɗan tudu guda. Tun 1984 an yi zagaye 25 na tattaunawa. A 1988 aka amince da ƙa'idojin jagora, a 1998 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a kan iyaka, wadda ta ce kowa ya bar abubuwa yadda suke har a gama. A cikin shekarun 1990 Sin ta kawo tayin musaya: za ta janye da'awarta kan murabba'in kilomita 495 a arewa, kwarurrukan Jakarlung da Pasamlung, ita kuma Butan ta sakar mata 269 a yamma, ciki har da tudun Doklam. A lissafin awo Butan ce da riba, kuma kwarurrukan arewan na da daraja a addininsu. Amma ba ta karɓa ba.

Dalilin yana kan taswira. Kwarin Chumbi na Tibet ya soko kudu tsakanin Sikkim da Butan, ƙunci gare shi, sojan Indiya kuma na kan tuddan da ke kallonsa. Doklam na gefen bakinsa. A kudancin Doklam akwai doron tsaunin Jampheri, wanda daga kansa ƙasa ke gangarawa zuwa mashigin Siliguri, zirin da faɗinsa a wuri mafi ƙunci bai wuce kilomita 20 da 'yan kai ba, kuma ta cikinsa ne jirgin ƙasa da hanyoyin mota ke haɗa jihohin arewa maso gabashin Indiya da sauran ƙasar. Sin na cewa mahaɗar iyakokin ƙasashen uku tana dutsen Gipmochi, tana kafa hujja da yarjejeniyar 1890 tsakanin Birtaniya da daular Qing mai mulkin Sin a lokacin. Indiya da Butan na cewa tana Batang La, 'yan kilomitoci a arewa. Butan ba ta cikin waɗanda suka sa hannu a 1890, kuma rubutun kansa na cin karo da juna, don ya ce iyaka ta bi doron da ya raba ruwa, ya kuma ambaci Gipmochi, alhali a ƙasa biyun ba su faɗo wuri ɗaya ba. To, filin na Butan ne, amma wanda zai kwana da fargaba in an bayar da shi Indiya ce. Nan jumlar 2007 ta shigo.

A ranar 16 ga Yunin 2017 sojan Sin suka fara miƙa hanyar mota a Doklam zuwa wajen Jampheri. Bayan kwana biyu sojan Indiya suka tsallako daga mashigin Doka La na iyakar Sikkim da motocin ture ƙasa biyu, suka tare aikin. Aka yi kwana 73 ana kallon-kallo, har 28 ga Agusta. Abin kallo shi ne halin mai filin. Ma'aikatar harkokin wajen Butan ta fitar da gajeriyar sanarwa ranar 29 ga Yuni, ta ce hanyar ta saɓa wa yarjejeniyoyin 1988 da 1998, ta nemi a koma yadda ake kafin 16 ga wata. Sanarwar ba ta ce Butan ta gayyaci sojan Indiya ba, ba ta kuma ce ba ta gayyace su ba. Daga nan ta ja bakinta. Da ta ce ta gayyata, ta zama abokiyar faɗan Beijing a fili. Da ta musanta, ta kwance wa Delhi zani a kasuwa. Shirun shi ne matsayin.

Matsalar ita ce shiru da jinkiri na yi wa mutum aiki ne muddin ƙasa na nan yadda take. Yanzu ba ta nan. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna hanyoyi da ƙauyuka sababbi da Sin ta gina a wuraren da taswirar Butan ke nuna nata ne, irin su Pangda a bakin kogin Amo Chu kusa da Doklam, da Gyalaphug a arewa. A da, takaddamar makiyaya ce da 'yan sintiri: wa ya kora shanun tsauni zuwa wane makiyaya, wa ya rushe bukkar wa. Yau gidaje ne na siminti da turakun lantarki da mutane masu kwana a ciki. Jami'an Butan sun sha cewa gine-ginen ba a ƙasarsu suke ba. Ana iya fahimtar wannan ta fuska biyu: ko dai ba sa son amsa abin da ba za su iya hanawa ba, ko kuma suna share fagen layin da za a ja nan gaba. A 2020 kuma Sin ta ɗago wata sabuwa a taron wani asusun muhalli na duniya, ta ce gandun dajin Sakteng da ke can gabas ma ana takaddama a kansa, wurin da Butan ta ce bai taɓa shiga tattaunawar ba. Saƙon a bayyane yake: in kun ƙara jinkiri, jerin zai ƙara tsawo.

Shata iyaka kuwa matakai gare shi, kuma kowanne na iya cijewa. Ana fara da ƙa'ida, wato da me za a auna: doron raba ruwa, ko tarihin wanda ke karɓar haraji da kiwo, ko wanda ke riƙe da wurin a yau. Sai ƙwararrun ɓangarorin biyu su taka wurin tare su daidaita sunaye, don kwari guda kan ɗauki suna biyu, suna guda kuma kan faɗa kan kwari biyu. Sai a ja layi a takarda, sai a kafa turaku a ƙasa, sai majalisa ta amince. Tsarin mulkin Butan na 2008 ya ce ba a taɓa iyakar ƙasa sai da yardar kashi uku cikin huɗu na 'yan majalisa, wato aƙalla 54 cikin 72. Wannan shinge ne, kuma garkuwa ce a teburin shawara: mai tattaunawa na iya cewa ko na yarda, majalisa ba za ta yarda ba. A Oktoban 2021 aka sa hannu kan taswirar aiki, wato jadawalin shata iyakar, mai matakai uku, a Oktoban 2023 ministan harkokin waje Tandi Dorji ya je Beijing zagaye na 25, inda aka amince da aikin tawagar ƙwararru ta haɗin gwiwa, Sin kuma ta fito fili ta ce tana son a gama a ƙulla hulɗar jakadanci.

Kuɗi da lantarki

Ɓangaren Indiya ma ba duka zuma ba ne. Babbar hajar Butan wutar lantarki ce daga kogunanta: Chukha mai megawat 336, Tala mai 1,020, Mangdechhu mai 720 da aka buɗe a 2019. Indiya ce ke ba da kuɗin gini, kamfanoninta ke yawancin aikin, ita ce kuma mai saye. A Chukha da Tala kashi 60 kyauta ne, 40 rance. A Mangdechhu abin ya juye, 30 kyauta, 70 rance. Tashar Punatsangchhu ta ɗaya, mai megawat 1,200, an fara ta a 2008, gefen tsaunin da za a jingina madatsar da shi ya zame a 2013, kuɗin aikin ya tashi daga kusan rupi biliyan 35 zuwa sama da 90, shekaru suka shuɗe ba ta ba da wuta ba. Burin megawat 10,000 kafin 2020 ko kusa ba a kai ba. Yawancin tashoshin kuma da gudun kogi suke aiki, ba su da babban tafkin ajiya, don haka da hunturu ruwa ya ja baya sai Butan ta koma sayen wuta daga wadda take sayar wa da damina. Mafi yawan bashin da ake bin ƙasar a waje na waɗannan ayyukan ne, kuma da rupi.

Ranar da aka ga ƙarfin wannan igiyar ita ce 2013. Firaminista Jigme Thinley ya ɗaga yawan ƙasashen da Butan ke hulɗa da su daga ashirin da 'yan kai zuwa sama da hamsin, ya nemi kujera a Kwamitin Sulhu a 2012 bai samu ba, ya kuma gana da firaministan Sin Wen Jiabao a Rio a Yunin wannan shekarar. A farkon Yulin 2013, ana saura kwanaki a yi zagaye na biyu na zaɓe, Indiya ta janye tallafin iskar gas da kananzir, farashi ya yi tsalle a kowane gida. Delhi ta ce wa'adin tsarin tallafin ne ya ƙare. Jam'iyyar Thinley ta faɗi, ta Tshering Tobgay ta ci kujeru 32 cikin 47, a farkon Agusta tallafi ya dawo. Ba za a iya rantsuwa cewa tukunyar gas ce ta kayar da shi ba, don akwai ƙarancin rupi da ya addabi mutane tun 2012. Amma duk ɗan siyasar Butan ya ga abin da ya faru. A ganina Indiya ta ci wannan zagayen ta yi asarar wani abu da ya fi shi, domin tun daga lokacin ake samun matasan Butan masu tambayar abin da iyayensu ba sa tambaya a fili. Ziyarar farko da Narendra Modi ya kai waje a Yunin 2014 Thimphu ce, kuma a 2024 ya yi alkawarin rupi biliyan 100 ga shirin shekara biyar na 13.

To, me ya hana ta yin irin na Nepal?

Nepal na da mutum kusan miliyan 30, ta ƙulla hulɗa da Sin tun 1955, ta shata iyakarta da ita a 1961, ta shiga shirin Sin na hanyoyi da tashoshi a 2017. Wannan riba ce ta gaske, musamman iyakar da aka gama da wuri, wadda Butan ke neman irinta har yau. Amma duba kuɗin da ta biya. Bayan ta sayi makamai daga Sin a 1988, Indiya ta bar yarjejeniyoyin ciniki da ratsawa suka mutu a Maris 1989, ta bar mata mashigai biyu kacal sama da shekara guda, wahalar kuma ta taimaka wajen karya mulkin fada a 1990. A 2015, watanni bayan girgizar ƙasa, iyakar ta sake toshewa daga Satumba zuwa Fabrairu. Kathmandu ta ce Indiya ce, Delhi ta ce masu zanga-zangar Madhesi, mutanen filayen kudancin Nepal, ne suka zauna a kan hanya. Nepal ta juya arewa, ta sami izinin amfani da tashoshin ruwa huɗu na Sin. Sai dai sun fi kilomita 3,000 nisa ta kan tsaunuka, Kolkata kuwa ba ta kai 1,000 ba. Ga kuma ƙa'idar da Indiya ta kafa ta ƙin sayen wuta daga tashar da ke da jarin Sin a ciki. Ga Butan, ƙasar da lantarki ne abin sayarwarta, kuma mai saye ɗaya gare ta, wannan kaɗai ya isa ya rufe maganar kiran kamfanonin Sin su gina madatsa.

Raba ƙafa na biya ne idan ɓangare na biyu zai iya maye gurbin na farko ranar da aka rufe ƙofa. Ga Nepal bai iya ba. Ga Butan, wadda ba ta da ko mashigin ciniki na hukuma guda a arewa, kuma jama'arta ba su kai na unguwa ɗaya a Delhi ba, abin ya fi nisa.

Abin da ya rage mata 'yan hanyoyi ne masu ƙunci. Ci gaba da jinkiri na nufin ƙarin ƙauyuka a filin da take da'awa. Karɓar musayar gaba ɗaya, har da Jampheri, zai taɓa jumlar 2007, kuma Delhi na da hanyoyin nuna fushi da ba sai ta yi magana ba. Hanyar da na fi ganin alamarta ita ce a raba maganar biyu: a gama arewa da sauran sassan yamma tsakanin Butan da Sin, a bar mahaɗar ukun sai Indiya ta zauna. Firaministan Butan na lokacin, Lotay Tshering, ya faɗi kusan haka ga wata jaridar Beljiyam a Maris 2023, cewa maganar mahaɗar ta ƙasashe uku ce, Indiya ma tana kafa hujja da fahimtar da ta ce ta cimma da Sin a 2012 cewa ba za a tsayar da irin wannan mahaɗa ba sai da ƙasa ta ukun. Ko Beijing za ta yarda ta saki arewa ba tare da ta sami Doklam ba, wannan hasashe ne, ba wanda ke wajen ɗakin shawarar zai yanke maka shi, don ba a buga rubutun taswirar aikin 2021 ba. Abin da ake iya gani daga waje shi ne jerin tafiye-tafiye. Zagaye na 25 ya ƙare a Beijing a ƙarshen Oktoban 2023, a farkon Nuwamba Sarki Jigme Khesar Namgyel Wangchuck ya sauka a Indiya, ya fara da Assam, ya wuce Delhi ya gana da Modi.